Kyaftin Ba Ya Roƙon Kyaftin

Ni mace ce da ba ta son surutu. Na reni 'ya'yana a kan cewa in babba yana magana a yi shiru, in za a shiga ɗakin mutum a yi sallama, in ana son abu a ce don Allah. Da Ubangiji ya tashi jarraba ni, sai ya ba Autata miji mai baki kamar rediyon da makunninsa ya lalace.

Matuƙin jirgin sama ne, wannan kam ba ƙarya. Jirgin kaya yake ja a wani ƙaramin kamfani, yau kwalaye, gobe 'yan tsaki. Amma in ka ji shi a bencin mai askin bakin layinmu, sai ka rantse shi yake kunna rana da safe. Shi ya raɗa wa kansa Shaho. 'Yan layi kuwa in ya ba da baya Aku suke ce masa. Ni ba na kiran ko ɗaya. Mijin Auta nake cewa, shi ma don dole.

Ana nan sai aka ƙara masa girma ya zama kyaftin, igiyar kafaɗarsa ta tashi daga uku ta koma huɗu. Ba mu ƙara samun sakat ba. Telan layinmu sai da ya ɗinka igiyar nan ya farke, ya ɗinka ya farke, wai ta huɗun ba ta fitowa sosai daga nesa. Da tela ya gaji ya ce, "Kyaftin, ko in sa mata ƙwan lantarki?" Wallahi sai da ya tsaya yana nazarin maganar.

Lokacin Auta tana da tsohon ciki na biyu, tana can wani gari mai nisa wurin yayarta, kusa da asibitin likitarta. Likita ta ce ba za a jira naƙuda ba, tiyata za a yi, har an sa rana. Haihuwar fari mijin bai halarta ba. Yana ɗakin jira a wani filin jirgi yana ba baƙi labarin yadda ya ratsa hadari da hannu ɗaya, jirgin da zai kai shi gida ya tashi ya bar shi. Saboda haka wannan karon Auta ta kira shi a gabana, ta ce ya buɗe muryar wayar don in zama shaida.

"Maigida, ka ji ni da kyau," in ji ta. "In aka tura ni ɗakin tiyata ban ga fuskarka ba, kada ka wahalar da kanka da zuwa. Ka zauna wurin jirginka, shi ya haifa maka na uku."

Auta jinina ce. In ta furta magana ba ta janyewa.

Jirgin fasinja ɗaya ne ke zuwa garin a jajibirin tiyatar, hanyar mota kuwa ba ta kai mutum a kan lokaci. Na ce masa ya yanko tikiti biyu, nawa da nasa. Ya dawo ya same ni a ƙofar gida da guda ɗaya.

"Ina naka?"

"Inna, ku ba ku san harkar sama ba." Ya ɗaga murya don 'yan benci su ji. "A ɗakin tuƙi, bayan kujerun matuƙa biyu, akwai wata 'yar kujera mai naɗewa. Tamu ce, mu matuƙa, in za mu wani gari. Ko kamfani ba ɗaya ba, ana yi wa juna wannan alfarma."

Na ce, "Alfarma ai roƙonta ake yi."

Mai aski ya bar kan wani rabi a aske, ya matso da almakashi a hannu. "Inna ta yi gaskiya. Kai da bakinka ka taɓa gaya mana a nan. Ka ce sai mutum ya je da ƙafarsa ya gai da kyaftin ɗin jirgin, ya faɗi ko shi wane ne, ya miƙa takardunsa, sannan ya roƙa. In ya ce a'a, to a'a ce, ko uban wa ya haife ka."

"Wancan zamanin igiya uku ne," in ji mijin Auta, yana karkaɗe ƙurar da babu a kafaɗarsa. "Kyaftin ba ya roƙon kyaftin. Tsayawa kawai zan yi inda zai gan ni. Da ya ƙirga, ɗaya, biyu, uku, huɗu, shi zai tako ya ce, ranka ya daɗe, ko za ka taimaka ka zauna tare da mu? Ni kuma in ɗan ja aji, sannan in yarda."

Tela ya leƙo ta taga ya ce, "In bai iya ƙirga ba fa?"

Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Ban ga abin dariya a cikin wauta ba.

Auta ta taɓa gaya mini cewa mai neman kujerar nan yakan riƙe wa ma'aikatan jirgi ɗan abin taɓawa. Na ce masa ya sayi kwalin cakulan. Ya ce wannan aikin yara ne masu igiya biyu. Na dube shi. Ya je ya sayo. Amma don kada a gan shi riƙe da kwali kamar mai zuwa ban haƙuri, sai ya zazzage cakulan ɗin ya cusa a aljihun cikin kwat ɗinsa, inda lasisinsa da takardar likita suke. Ranar kuwa zafi ake kamar an buɗe murhu.

Mun isa filin jirgi, katin aikinsa ya shigar da shi har ɗakin jira. A bakin ƙofar da za a bi a shiga jirgi akwai kanta, da wata yarinya mai duba tikiti, fuskarta ba wasa. Ta ce jirgi ya cika maƙil, ko allura babu wurin sakawa.

"In kujerar ɗakin tuƙi kake so, Kyaftin, ka jira mai jirgin ya iso ka yi masa magana da kanka."

"Shi zai yi mini," in ji shi. Ya gyara hula, ya je ya tsaya a tsakiyar fili, ya karkata kafaɗa wajen haske.

Na samu kujera na zauna. Kusa da ni wata budurwa ce cikin yunifom, igiya biyu a kafaɗarta, takalminta a goge. Ta gaishe ni da ladabi, ta gyara mini jakata. Ta ce ita ma matuƙiya ce a wani kamfani, ta gama aiki za ta gida. Da ta hango mijin Auta sai ta miƙe ta je ta same shi.

"Barka da rana, Kyaftin. Ko kai ma 'yar kujerar kake nema? In haka ne ka fara roƙa, kai ne babba. Ni ko gobe na tafi babu abin da ya ɓaci."

Na ce a raina, ga 'yar da aka haifa a gida mai ƙofa.

Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya yi murmushin masu igiya huɗu. "Ni? Nema? A'a, ƙanwata, je ki nemi abinki. Ni ba na nema."

Ta dawo ta zauna. Na ce mata, "Ki riƙe maganar nan, za a neme ta."

Lokacin tashi ya yi ya wuce, ba a kira kowa ba. Mutane suka fara miƙewa suna zazzare ido, suna neman wanda za su kama. Wa za su gani? Ga mutum tsaye a tsakiya da hula da igiya huɗu. Wani ɗan kasuwa mai tumbi, waya biyu a hannu, shi ya fara isa.

"Direba, yaushe za mu tashi?"

"Kyaftin ake cewa."

"To Kyaftin, yaushe za mu tashi?"

Kalma kaɗan ce za ta fitar da shi: ba ni zan ja jirgin nan ba. Amma da mijin Auta ya faɗi haka, gara a cire masa haƙori ba allura. Sai ya harɗe hannu a baya, ya taka zuwa gilashi, ya leƙa jirgin. Can ƙasa wani ma'aikaci ya tsuguna yana haska taya da tocila.

"Hmm," in ji shi. "Taya suke dubawa. Ni dai tun daga nan, tayar hagun nan ba ta kwanta mini a rai ba."

Shi ke nan. Baki shi ke yanka wuya. Kafin maganar ta kai ƙarshen ɗakin, taya ta yi faci. Kafin ta juyo, ta fashe. Da ta iso wurina, wata mata mai jan mayafi ta rantse mini cewa taya ɗaya ta rage wa jirgin, ita ma aro ce. Ɗan kasuwa ya kira matarsa da waya ɗaya yana gaya mata inda makullin shago yake, ya kira ƙaninsa da ɗayar yana cewa ya yafe masa duniya da lahira.

Aka yi wa mijin Auta zobe. Shi kuwa sai ya ji daɗi, don tun da aka haife shi bai taɓa samun masu sauraro da yawa haka ba.

"Ku kwantar da hankalinku, ina nan. Na taɓa sauka babu taya ko ɗaya."

Mai jan mayafi ta ce in dai mutuwa za a yi, ita a bakin taga take so ta zauna. Ya ce an ba ta. Wani dogo ya ce garinsu yana kan hanya, ko za a ɗan tsaya ya sauka? Ya ce za a duba. Mai duba tikiti tana ta ɗaga hannu tana cewa jama'a ba shi ba ne, babu mai jin ta.

Ana cikin haka sai ga mai jirgin na gaskiya. Dattijo ne gajere, furfura ta cinye masa kai, yana jan 'yar jakarsa, mataimakinsa na biye. Ɗan kasuwa ya tare shi.

"Kai kuma wane ne?"

"Ni zan kai ku, in Allah ya yarda."

"Da wace tayar? Kyaftin ya ce ta fashe!"

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce ruwan sama ne mai ƙarfi a garin da za mu, ana jira ya wuce. Ya ce taya kuwa kullum sai an haska ta kafin a tashi, lafiyarta ƙalau, wanda yake so ya zo gilashi ya ƙirga. Mutane suka fara komawa kujerunsu suna harare-harare. Ɗan kasuwa dai ya ce shi ba yaro ba ne, kyaftin biyu sun saɓa, shi ya san wanda ya fi tsayi. Ya ja akwatinsa ya tafi neman mota. Mota ma ai tayoyi gare ta.

Sannan dattijon ya juyo ya dubi mijin Auta. Na ga idonsa ya sauka a kafaɗa. Ya tako a hankali. Mijin Auta ya waiwayo ya ɗaga mini gira, wato Inna ku gani.

"Barka da rana, Kyaftin," in ji dattijon. "Kai ne ka duba mana taya?"

"Ido ne kawai irin na gwaninta."

"Mun gode. Akwai abin da zan yi maka?"

Jama'a, ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Na yi gyaran murya. Na sake yi. Na buga sandata a ƙasa.

"A'a, babu komai," in ji mijin Auta. "Ina dai kallon yadda kuke gudanar da aikinku."

"To, Allah ya ba da sa'ar kallo."

Sai budurwar nan mai igiya biyu ta miƙe. Ta gai da dattijon, ta faɗi ko ita wace ce da kamfanin da take aiki, ta miƙa takardunta da hannu biyu, da 'yar ledar alawa ta ma'aikata. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in babu takura, ina roƙon alfarmar 'yar kujerar." Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago, ya yi magana da ƙarfi yadda ko kurma zai ji.

"Babu wanda ya riga ta nema?"

Mijin Auta yana nazarin fitilun rufi.

"Bismillah, 'yata," in ji dattijon. Suka shige.

Mijin Auta ya zo ya tsuguna a gabana yana raɗa. "Dabara ce, Inna. Gwada ni yake yi. Yanzu za ku ga ya aiko."

"Abin da zan gani dai na gani," na ce.

Aka fara kiran fasinjoji. Layi ya miƙe, yana raguwa. Ni na ƙi tashi, na ce sai na ga ƙarshen wasan nan. Wata ma'aikaciyar jirgi ta fito karɓar wasu takardu a wurin mai duba tikiti, ya yi wuf ya tare ta.

"Ki gaya wa kyaftin ɗinku akwai kyaftin a waje."

Ta shiga ta dawo. "Ya ce yana gaishe ka."

"Koma ki ce masa igiya huɗu."

Ta shiga ta dawo. "Ya ce shi ma."

Nan gumi ya fara karyo masa. Ya ɓalle maɓallin kwat don ya sha iska. Mai jan mayafi, wadda ke ƙarshen layi, ta dafe ƙirji ta ƙwala ihu.

"Wayyo, an soki Kyaftin!"

Farar rigarsa, daidai saitin zuciya, ta yi wani faffaɗan tabo mai duhu yana gangarowa zuwa bel. Mutum biyu suka fita daga layi za su riƙe shi. Mai duba tikiti ta matso, ta shinshina, ta koma kantarta.

"Ba jini ba ne," in ji ta. "Cakulan ne, mai madara."

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Auta ce.

"Inna, kun shiga?"

"Ni yanzu zan shiga. Mijinki yana jira a zo a shimfiɗa masa darduma."

"Ba shi wayar."

Ban ji abin da ta ce masa ba, kuma ba ta daɗe ba. Ya miƙo mini wayar da hannu biyu. Mai duba tikiti ta ce saura ni kaɗai, za ta rufe ƙofa.

Na miƙe, na gyara mayafina, na tsaya a gabansa. "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Me zan ce wa 'yata?"

Ban jira amsa ba na wuce. Ina sa ƙafa a bakin hanyar shiga jirgi na ji gudu a bayana. Ya faɗa kan kantar mai duba tikiti. Wayoyin tarho biyu ne a jikin kantar, rataye kusa da juna. Yarinyar ta ce, "Tsaya in kira maka mai jirgin." Ya ce, "Na san kayan nan tun kina firamare," ya fizgi ɗaya ya danna.

Ashe ta sanarwa ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe!" Muryar ta fito daga rufi, daga bango, daga kowace kusurwa ta filin jirgin. "Ranka ya daɗe, ni ne na waje, mai tayar nan. Don Allah, don girman iyayenka, ka taimake ni. Tayarka lafiya lau, ban ga komai ba, ko tabarau ban zo da shi ba. Gobe za a yi wa matata tiyatar haihuwa. In ban je ba kashina ya bushe. Ba ka san ta ba, ranka ya daɗe, uwarta ta biyo! Ko a ƙasa ne zan zauna. Ko wurin akwatuna. Jirgin kaya nake ja, na saba zama da kaji. Don Allah! Don Allah!"

Yarinyar tana ta jan hannun rigarsa, shi kuwa ya rufe ido yana zuba. Masu jiran wasu jiragen suka miƙe tsaye. Masu shara suka jingina tsintsiya. Mai sayar da shayi a can ƙarshe ya bar kofi yana ambaliya. Ko'ina ka duba waya ce a sama ana ɗauka. Da ya buɗe ido, "don Allah" ɗinsa ta ƙarshe tana kan dawowa daga ɗaya ɓangaren ginin.

Maganar uwarta ta biyo na ajiye ta a gefe. Ba a hukunta mutum sau biyu a rana ɗaya.

Sai ga dattijon ya fito daga cikin jirgi, hannu a aljihu.

"Yanzu na ji," in ji shi. "Da ni da duk filin jirgi. Takardunka."

Mijin Auta ya cusa hannu a aljihun kwat ya zaro wani dunƙule. Lasisi da takardar likita da cakulan sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Dattijon ya karɓa da yatsu biyu, ya ɓamɓare su a hankali, mai duba tikiti tana miƙo masa tishu.

"Wannan na ma'aikatana ne, ko na hukumar da ta ba ka lasisin?"

"Na ma'aikata ne, ranka ya daɗe."

"Zan gaya musu ka yi niyya." Ya goge hoton, ya dubi hoton, ya dubi mai hoton. "Takardu sun yi. Amma 'yar kujerar na riga na bayar. Wadda ta roƙa ita ta samu."

Budurwar ta leƙo daga bayansa da jakarta a hannu. "Ranka ya daɗe, tun da maganar haihuwa ce, ni zan iya sauka."

"Koma ki zauna, 'yata. Mutumin da ya ga lahani a tayata ta bayan gilashi, in ya zauna a ƙeyata ban san abin da zai gani ba." Ya juyo. "Sai dai akwai kujerar bawan Allahn da ka kora. Tana can baya, babu kowa. Ita ma da izinina ake zama."

Ya tsaya yana jira. Na ɗaga sandata kaɗan daga ƙasa.

Mijin Auta ya cire hula. "Don Allah, ranka ya daɗe, ina roƙon alfarma."

"Bismillah. Ka ga ko minti ba a yi ba." Ya miƙa masa takardunsa masu danƙo. "Ka san dokar 'yar kujerar. Daga an tashi har a yi nisa sama, baƙo ba ya magana. Yau dokar ta bi ka baya, kuma sai mun sauka za ta ƙare. Inna, ko za ku kula mana da wannan?"

Na ce, "Yaro, aikin da na daɗe ina nema ke nan."

Furfurarsa ta kusa kai tawa, amma ya karɓi yaron bai yi musu ba. Mai tarbiyya ko a sama ana gane shi.

Kujerar ɗan kasuwa layin ƙarshe take, ta tsakiya, jikin ƙofar ban ɗaki. Ni a dama, mai jan mayafi a hagu, kuma babu taga a layin sam. Ta dube shi ta ce, "Kyaftin, ina tagar tawa?" Ya buɗe baki. Na dube shi. Ya rufe.

Haka muka yi tafiyar. Duk wanda zai shiga ban ɗaki sai ya tsaya ya yi gaisuwa.

"Kyaftin, yaya taya?"

"Kyaftin, Allah ya raba lafiya. A gaida uwar gida, da wadda ta biyo."

Dogon nan ya zo ya ce, "Kyaftin, ga garinmu can mun wuce, ba a tsaya ba."

Maganganu suka taru a bakin mijin Auta har kumatunsa suka kumbura. Da jirgi ya ɗan yi girgiza na ga leɓensa yana rawa, bayani yana neman hanyar fita. Na ɗora sandata a kan takalminsa. Bayanin ya koma ciki. Tun ranar da ya fara zuwa gidana ban taɓa jin daɗin zama da shi irin na wannan tafiya ba.

Dattijon ya ajiye jirgin a ƙasa kamar ana ajiye ƙwai a faranti. Mutane suka tafa. Mijin Auta ya karkato ya ce, "Da ni ne..." Na danna sandar.

Wajen fita ya so ya sulale cikin mutane, hula a kan tabon rigarsa. Na gitta sanda a bakin ƙofa. "Wanda ya ci abincin gida yakan yi wa masu gida sallama." Ya koma ya leƙa ɗakin tuƙi, ya yi godiya ga dattijon, ya yi ga mataimakinsa, ya yi ga budurwar da ke naɗe 'yar kujerar tana mayar da ita jikin bango. Kujerar ko faɗin faranti ba ta kai ba. Na dube ta, na dube shi, na ce, "A kan wannan?"

Washegari da safe muna asibiti. Wata nas ta tsaya a ƙofar ɗakin da aka kwantar da Auta, ta ce ba a shiga, ana shirya ta. Na ga ƙirjinsa ya fara tasowa.

"Kin san ko ni wa..." Ya waiwayo ya gan ni. Ƙirjin ya sauka. "Don Allah, 'yar'uwa, matata ce. Ko fuskata kawai ta gani."

Nas ɗin ta ƙura masa ido. "Tsaya. Ba kai ne mai 'na saba zama da kaji' ba?" Ta buɗe masa ƙofa da kanta.

Auta tana kwance, waya a hannu, hawaye na zuba don dariya. Yayarta ta riga ta nuna mata bidiyon filin jirgi. Ta ce, "Maigida, zo in ga fuskar." Ya je ya riƙe hannunta har aka tura gadon, bai ce uffan ba, idonsa ya yi ja. A nan na yafe masa maganar uwarta ta biyo. Rabi.

Namiji aka samu, lafiyayye. Tun daga ɗakin tiyata muke jin kukansa har bakin titi. Nas ta ce tun da take aiki ba ta taɓa jin jariri mai murya haka ba. Na ce Allah ya ba mu haƙuri, an yi na biyu.

Da muka koma gida, ina wucewa ta bakin layi na hango shi a bencin mai aski, ƙafa ɗaya kan ɗaya, an kewaye shi.

"Ku tambayi Inna," yake cewa. "Kyaftin ɗin da kansa ya bar jirginsa, ya fito har waje ya same ni. Ƙarya na yi, Inna?"

Kafin in buɗe baki wayar mai aski ta yi ƙara a aljihunsa. Ba kiɗa ba ne. Murya ce da duk layin ya sani: "Don Allah! Don Allah! Na saba zama da kaji!"

Mai aski bai ɗauka ba. Ya bar ta tana yi, yana ci gaba da askinsa. Tela ya leƙo ta taga ya ce, "Kyaftin, amsa mana, kai ne kake kira."

Na ce, "Ku bar ta ta gama. Ita kaɗai ce maganarsa da nake so jikokina su haddace."